Tandun Kwalli da Jan Idona

Ni dai ban taɓa ganin ciwo marar kunya irin afolo ba. Shekara tara muna jiran haihuwar nan, tara cur, bai tashi kama ni ba sai ana gobe za a haihu.

Sunana Asta, a unguwar Majidaɗi nake a Jalingo, bayan injin niƙa. Wadda ta haihu kuwa 'yata ce ta fari. Ku da kanku kun san uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, to ni tawa kunyar ta fi ta kowa. Tun ranar da aka raɗa mata suna bai taɓa fita daga bakina ba, Adda nake ce mata kamar yadda ƙannenta ke faɗa. Ko a makaranta aka tambaye ni sunanta, sai dai in waiga in nemi wanda zai faɗa a madadina. Don haka ku ma Adda za ku ji.

Na gama shiri tsaf. Haihuwar fari ce, gida za ta dawo wanka har kwana arba'in. Na sa an sauke mini itace, na nemo ƙatuwar tukunya, na tanadi kanwa da gero da kayan yaji, na share ɗakin da ke kusa da nawa na ɗaura sabon gidan sauro. Ranar Litinin na tashi da asuba, ido ya ƙi buɗuwa. Kwantsa ta liƙe shi gam. Da na wanke na duba madubi, sai ga wata mata tana kallona da ido jajir kamar garwashi.

Malam Yuguda, maigidana, leƙo ɗaya ya yi ya ja da baya har yana tuntuɓe da buta.

"Subhanallahi! Afolo ne! Hajja, kar ki kalle ni!"

"To ina zan kalla, Malam? Shekara talatin da biyu kai nake kallo."

"Kalli bango."

Haka kuwa aka yi. Kowa a unguwarmu ya san afolo da kallo ake ɗauka, ka haɗa ido da mai shi, shi ke nan ya yi tsalle ya faɗo naka. Ni ma haka na sani, haka uwata ta gaya mini. Daga ranar Malam ya koma cin abinci ya juya mini baya. In ya gama ya wanke hannu da baki, ya goge fuska da tawul ɗinmu da ke rataye a ƙusa, ya fita yana bin bango kamar wanda ya yi laifi.

Washegari Talata da hantsi wayata ta yi ƙara. Nasiruddeen ne, mijin Adda.

"Dada, an sauka lafiya. Namiji ne."

Na rangaɗa guɗa ni kaɗai a tsakar gida har kaji suka watse. Na jawo mayafi, na zura takalmi ƙafa ɗaya, sannan na tuna. Na zauna daɓas a bakin ƙofa. Da wannan idon zan je in kalli jaririn da aka yi shekara tara ana roƙon Allah? Da bakina na ce wa Nasiruddeen kada su kawo ta nan, su wuce da ita Mayo Gwoi wurin mahaifiyarsa, Hajja Dudu, ta yi mata wankan. Da na kashe wayar na dubi tukunyata da tulin itacena, na yi kuka mai isata, hawayen ma da zafi suke fita.

Sai masu magani suka fara sallama. Kai, ban san unguwarmu cike take da likitoci ba sai a makon nan. Kowace ta tsaya daga zaure, ta rufe fuska da mayafi, ta jefo mini nata. Wannan ta ce ruwan sukari. Waccan ta ce ruwan gishiri da albasa. Wata ta ce a samo nonon mai jego a ɗiga, na ce mai jegon da nake da ita ai ita ce aka raba ni da ita. Wata tsohuwa, ba zan faɗi sunanta ba don muna gaisawa, ta ce fitsarin safe. Na ce Allah ya kiyashe ni, da wane idon zan tsaya salla? Wani mai gyaran babur har aiko wa ya yi wai ruwan batir, na ce a gaya masa ya fara gwadawa a nasa.

Amma kar in yi muku ƙarya, na sa ruwan sukari. Na farka daga barcin rana na tarar da kiyashi sun yi layi a kan matashina, suna neman hanyar hawa. Na gishirin kuwa sai da na yi rawa a tsakar gida ba kiɗa. Abu ɗaya da na riƙe shi ne kwalli, don an ce yana wanke ido. Kullum safe da yamma sai na zizara, daga tandun da na gada wurin uwata.

Malam ya tafi kasuwa neman baƙin tabarau, ya tarar duk sun ƙare, rabin Jalingo na fama da afolo a daminar nan. Bai dawo hannu rabbana ba. Ya biya wurin abokinsa Aƙilu mai walda ya aro mini nasa, irin mai roba da ake ɗaurawa ta ƙeya. In na sa, rana tsaka sai ta koma mini magariba.

"Yauwa," in ji Malam. "Wannan ko wuta ba ta ratsa shi, balle afolo."

Ranar Laraba Nasiruddeen ya turo hoton yaron a waya. Ina jin ƙarar shigowarsa na kife wayar a ƙasa, na ɗora faifai a kai. Ku yi dariya, na ba ku izini. Ni dai a lokacin tunanina ɗaya: wa ya san iyakar abin nan? In murya tana bi ta waya, me zai hana ciwo? Na kwana biyu ina zagaya faifan nan, zuciyata kamar ta tsage, ban ɗaga ba. Malam ne ya kalla ya ce mini yaron fari ne, yana da gashi. Na ce hancinsa fa? Ya ce hanci dai irin na mutane. Kun ji aikin namiji.

Ranar Juma'a abin ya ishe ni. Na ce tunda idona ba zai je ba, bari wani abu nawa ya je. Tandun nan na fata ne, ya yi baƙi don tsufa, daga cikinsa aka sa mini kwallin farko, daga cikinsa na sa wa 'ya'yana shida. Na zizara na ƙarshe a idona, na mayar da tsinken ciki, na ƙulle shi a ƙyalle na miƙa wa Malam ta baya.

"In an sauko masallaci ka wuce Mayo Gwoi. Ka ce wa Hajja Dudu in ta yi masa wankan yamma ta sa masa. Na kakarsa ne."

Raina ya yi fari ƙal. Har waƙa na yi ina shara.

Wajen la'asar na ji ana buga ƙofa da ƙarfi, an shigo ba a jira amsa ba. Mutum ɗaya ce ke mini haka a duniya: Rebeka maƙwabciyata, Maman Tobias. Katanga ɗaya ta raba mu shekara ashirin. Nas ce, ta yi ritaya, kuma tun Lahadi ta tafi Zing taron zumuntar mata na cocinsu, shi ya sa duk wannan bidiri ba ta nan. Tana ganina da tabaran walda ta saki jakarta, ta dafa gwiwa, ta dinga dariya har tana tari.

"Hajja Asta! Ƙofar wa za ki liƙe?"

"Maman Tobias, juya baya. Afolo ne."

"Cire in gani."

"Ba zan cire ba. Ina jin tausayinki."

"Cire, na ce."

Na cire, na runtse ido. Ta ce in buɗe. Na buɗe, sai ga fuskarta dab da tawa, ta zuba mini ido ƙur ko ƙiftawa ba ta yi, hannayenta a goye a baya.

"To ga shi na kalla," in ji ta. "Shekara talatin ina kallon jan ido a asibiti, da kallo ne da tuni na makance. Ba ya tsalle, Hajja, ba shi da ƙafa. Ƙwayar cuta ce irin ta mura, a hannu take tafiya. Ki murza ido, ki taɓa abu, wani ya taɓa ya kai nasa idon, shi ke nan."

"Tabaran fa?"

"In haske na damunki ki sa. Amma ba ya tsare kowa."

Na lissafa mata abin da na ɗiga. Da na zo kan sukari ta riƙe baki, da na ambaci ruwan batir ta daina dariya, ta ce ta taɓa ganin wanda ya rasa ido ɗungurungum a kan haka. Ta ce kar in ƙara sa komai. In samu tsumma mai tsabta da ruwan sanyi in riƙa dannawa, in riƙa wanke hannu da sabulu, mako ɗaya zuwa biyu zai tafi da kansa. In gani ya fara dushewa ko zafi ya yi tsanani, to asibiti, ba wurin mai gyaran babur ba.

Daɗi ya kama ni har na rasa inda zan sa kaina. "Wato zan iya kallon yaron?"

"Ki kalle shi har ki gaji. Taɓawa ce ban yarda ba. Idon jariri ba abin wasa ba ne. Kuma ki ware kayanki, kar kowa ya taɓa: tawul, matashi, mayafi, kwalli..."

Ban ji sauran ba.

"Kwalli?"

"Shi ne ma babba. Tsinken da ya shiga idonki..." Ta tsaya ta dube ni. "Hajja Asta, me kika yi?"

"Na aika masa."

"Wa?"

"Jaririn. A sa masa bayan wankan yamma."

Duk muka ɗaga kai muka dubi rana. Ta riga ta karkata.

Na kira Malam, sai ga wayarsa tana kuka a ƙarƙashin matashinsa. Na kira Adda, a kashe, kwana biyu ba su da wuta. Nasiruddeen bai ɗauka ba. Hajja Dudu kuwa wayarta a ƙulle take a bakin zani, ba ta taɓa amsa kira ba tun da aka saya mata. Rebeka ta ce in wanke hannu, na wanke, na maƙala tabaran Aƙilu don rana na soka mini ido, muka fita da gudu. Ni da ban yi gudu ba tun ina budurwa.

Mai Keke Napep na farko yana ganina ya ƙara wuta. Na biyu ya tsaya, ya leƙo, ya ce, "Mama, afolo ne?" zai ja, Rebeka ta riga ta shige ta riƙe ƙarfen.

"Kai dai kalli titi, ba wanda ya ce ka kalle ta. Mayo Gwoi, kuma ka taka!"

Ya taka kuwa, Allah ya yi masa albarka, har ya juya madubinsa sama don kar mu haɗa ido. Ni dai na dunƙule hannuwana a cinya ina salati. Kwana biyu na hana kaina kallon hoto, na zauna cikin duhu kamar mai takaba, ashe da hannuna na ƙulle ciwon a ƙyalle na ba da a kai masa har gado. Wayyo ni Asta! A kan gada muka tarar da shanu suna tsallakawa a natse kamar gadar ta ubansu ce. Na leƙa na yi wa makiyayin magana da Fulatanci, irin maganar da ba zan maimaita a nan ba. Ya ga tabarau, ya kaɗa shanunsa gefe da sauri.

Gidan Hajja Dudu cike yake da 'yan barka. Ban yi sallama ba, ni da ke shiga gidan surukai da sanɗa. Wata ta ɗaga kai ta gan ni ta ƙwalla ihu, "Mai afolo!" Kan ka ce me, tsakar gida ta hargitse. Wannan ta ja mayafi ta rufe fuska, waccan ta kifa kai a cinya, wata ƙatuwa ta shige bayan randa rabin jikinta a waje.

Can a ƙofar ɗaki na hango Hajja Dudu a kan kujera 'yar tsugunne, bahon wanka a gefenta, jariri a cinyarta an naɗe shi da tawul. Tanduna a buɗe. Tsinke a hannunta.

"Hajja, tsaya! Kar ki sa!"

Ina! Ita duk tunaninta idona ne abin tsoro. Ta juya mini baya, ta duƙa a kan yaron ta kare shi da jikinta, tana cewa, "Bari in yi sauri in sa masa, kwalli na kare ido!" Na ga hannunta ya yi ƙasa. Tsakanina da ita taku goma ne, mata a zube a hanya, kuma ko na isa ba ni da hannun taɓa shi. Adda na tsaye a bakin ƙofa da kofin kunu, ta saki baki.

Ban san lokacin da ya fito ba.

"Ruwaida! Ɗauke ɗanki!"

Hannun Hajja Dudu ya tsaya cak a sama. Matar bayan randa ta leƙo. Duk wanda ke gidan nan ya san Hajja Asta ba ta taɓa faɗin sunan nan ba, shekara ashirin da tara. Kofin kunu ya faɗi, yarinyar ta yi wuf ta sure ɗanta ta rungume. Rebeka ta tsallake mata biyu, ta sa leda ta karɓe tsinken da tandun ta ƙulle.

"An sa masa?" in ji ta.

"Ko ɗigo," in ji Hajja Dudu, tana haki. "Yanzu dai na gwada a nawa idon in ji ko yana da yaji."

Rebeka ta dube ta, ta dube ni, ta ce, "To Hajja, sannu da shigowa layi."

Nan ta tsaya a tsakar gida ta yi musu bayani kamar yadda ta yi mini, ta sa Hajja Dudu da mai jego suka wanke hannu da sabulu, aka sauya wa yaron tawul. Ta ce daga yau uwarsa kaɗai za ta riƙa taɓa shi sai an ga yadda idon Hajja zai yi, kuma ko ja kaɗan aka gani a idonsa a kai shi asibiti a ranar. Ta ƙara da cewa jariri ba ya bukatar kwalli ko na waye, idonsa a wanke Allah ya ba shi. Wannan ta yi mini ciwo, amma na haɗiye. Ana cikin haka sai ga Malam Yuguda ya leƙo daga zaure jin hayaniya, ashe tun da ya kawo saƙon yana nan, yana murza ido da bayan hannu.

"Lafiya? Ni fa tun a masallaci nake jin kamar yashi a idona."

"Malam," in ji Rebeka, "da wane tawul kake goge fuska?"

Ya sauke hannunsa daga ido da sauri. Mutumin da ya yi kwana huɗu yana nuna mini ƙeya! Na yi dariya har na zauna a ƙasa. In gajarta muku, ranar suna mu uku aka jera a kan benci a gindin mangwaro, ni da shi da Hajja Dudu, kowa da tsummansa da sabulunsa, muna amsa barka daga nesa. Yaron kuwa idonsa garau, har yau.

Amma ba ranar suna ce ke raina ba, yammacin Juma'ar nan ne. Da hayaniya ta lafa, Rebeka ta sa aka ajiye mini kujera taku uku daga bakin ƙofa. Ta ce in goya hannuwana a baya. Na goya. Ta ce to a cire tabarau. Ita ta kwance mini robar da kanta, ta tafi wanke hannu.

Haske ya dake ni, na yi ta ƙifce-ƙifce. Adda ta zauna a dokin ƙofa, ta janye tawul daga fuskarsa, ta karkato shi wajena.

Wai hanci irin na mutane! Hancin uwata ne sak, dogo, har da ɗan lanƙwasar nan a ƙarshe. Ga gashi kwance luf, ga ɗan baki yana motsi kamar mai tsotso a mafarki. Sai ya buɗe ido, farare tas, ya zuba su a kaina. Tsohon tsoro ya taso mini, saura kaɗan in kau da kai. Ban kau ba. Muka kalli juna ni da shi, jan ido da farin ido, ba abin da ya yi tsalle.

"Sannu, angona," na ce. "Ka ga amaryar taka da jan ido ko? Haƙuri za ka yi, an riga an ɗaura."

Mata suka kwashe da dariya, wata ta rangaɗa guɗa. Hawaye na zuba mini har haɓa, ba halin sharewa, hannu na baya. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan zaman ba.

Adda ta matso da murya ƙasa-ƙasa, yadda ni kaɗai zan ji.

"Dada, ɗazu me kika kira ni?"

"Ni? Ban kira ki komai ba. Kunnenki ne."

"Dada mana."

Na dube ta. Fuskarta ta faɗa, idonta ya yi zuru-zuru don rashin barci, tana murmushi irin na ranar da na fara kai ta makaranta. Shekara tara tana shanye maganganun mutane, ban taɓa iya ce mata komai ba sai a yi haƙuri. Na waiga, duk matan gidan sun kasa kunne, har da ta bayan randa. Na ce a raina, yau dai kunya ta riga ta zube a tsakar gidan surukai, ba mai kwashe ta.

"Sannu, Ruwaida," na ce. "Sannu da ƙoƙari."

Ta sunkuyar da kai a kan ɗanta, kafaɗunta na rawa. Rebeka ta dawo tana yarfe hannu, ta ce in an gama koke-koken a ba ta kunu, tun Zing rabonta da abinci.